Goron Hulda

A Karofane, in gardama ta tashi a kan wane ya girmi wane, ko wace shekara aka kai wance ɗaki, ba a jan ta da nisa. Sai a ce a je a tambayi Baraka. Ita za ta gaya maka an haife ka shekarar da fara ta cinye gero, ranar kasuwar Madawa, kuma uwarka ta yi ta zagin ungozoma har ka faɗo. Ba ta taɓa shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, amma dangin gidansu kaf, daga na Buza har waɗanda cirani ya riƙe a Abijan, suna jere a kanta. Tana kuma ji da wannan baiwa, kar ka ce ban gaya maka ba. Wanda duk ya ce mata ya manta da wani abu, sai ta taɓe baki ta ce mantuwa raini ne aka yi wa kwalliya, mutum ba ya manta abin da ya dame shi. Ta faɗa wa mutane da yawa wannan magana, kuma sun riƙe mata ita.

Sai ciwon nono ya same ta, wanda ake ce wa kansa. Aka cire na hagu a asibitin mishan da ke bakin kwalta, gaba da Madawa, sannan aka tura ta Yamai don ƙarin ruwan nan mai ƙarfi da suke kira shimiyo. Wadda ta ɗauki jinyarta ita ce Hulda, 'yar wan mahaifinta. Uban Hulda tun yana saurayi ya bar Karofane ya kama aiki wurin mishan, ya zama Kirista, ya haifi 'ya'yansa a can. Hulda ta gaje shi a addini da wurin aiki, ta tsufa tana hidima a ɗakin mata na asibitin har aka sallame ta. A ɗakinta Baraka ta yi jinyar yanka. Ita ta bi ta Yamai, ita ta riƙa tara mata kwano in amai ya taso.

Lokotoro, wato likita, bai ɓoye mata komai ba, a nasa ganin. Ya ce gashi zai zube, ya zube, ya kuma tsiro fari fat mai laushi. Farce suka yi baƙi. Tafin ƙafa ya mutu, sai ta yar da takalmi a hanya ba ta sani ba. Hannun hagu ya riƙa kumbura har awarwaro ya daina shiga. Ga ƙwayar da aka ce ta sha kullum, wadda ke taso mata da zafi ko da sanyin asuba, sai ka ga zufa na bin wuyanta. Duk waɗannan Baraka ba ta jin kunyarsu. Mai zuwa dubiya sai an nuna masa farce, an matsa masa hannu ya ga yadda yatsa ke lotsawa.

Abu ɗaya ne ba ta nuna wa kowa ba, shi ne kanta. Ya fara yoyo. Abin da ya faru zamanin tana budurwa yana nan daram, amma na ɗazu sai ya sulale. Ta zuba gishiri a miya, ta juya, ta sake zubawa. Ta tsaya tsakar gida da ludayi a hannu tana neman abin da ya fito da ita. Ta yi sallama daga salla ba ta san ko uku ta yi ko huɗu ba. Wata rana maƙwabciyarta ta shigo aron turmi, Baraka ta san uwarta, ta san kakarta, ta san ranar da aka yaye ta, amma sunanta ya ƙi zuwa, sai ta yi ta ce mata "baiwar Allah" har ta fita. Tsoro ya kama ta sosai. A Karofane macen da ta fara haka ba a cewa magani ne, cewa ake ta taɓu, ko a tuno cewa gidansu gidan Azna ne tun asali, a ce iskokin kakanni sun zo biyan bukata. Nono ya tafi ta haƙura. In aka ce kan ma ya tafi, to me ya rage na Baraka? Sai ta koyi dabarar rufewa, ta yi dariya, ta ce gajiya ce.

Ana nan sai Saude, matar ɗanta Ilyasu, ta haifi 'ya mace, jikar fari.

Gidan su Baraka suna da abubuwa biyu da suka gada tun kafin salla ta shigo gidan, kuma ba su sake su ba. Na farko, goron suna kakar jariri ce ke kai shi da ƙafarta, gida gida. Wanda ba a miƙa wa goro a hannu ba, ba ya zuwa, ko da katanga ɗaya ta raba su, kuma ba ya tambaya, don goron suna ba a roƙonsa. Na biyu shi ne goyon fari. Ranar suna, bayan an yanka rago an yi aski, babbar 'yar gida ce ke fara goya jariri ta zaga rumbu da shi, kuma kafin ta yi babu bayan da zai hau. Babbar 'yar gida kuwa, tun da tsofaffi suka ƙare, Hulda ce.

Wannan ya daɗe yana ci wa Manzo rai. Manzo shi ne dattijon gidan a maza, ba mugu ba ne, amma in ya kama magana ba ya saki. A sunan da ya wuce ya faɗa, ba a ɓoye ba, cewa ɗan Musulmi bai kamata ya fara hawa bayan mai zuwa majami'a ba, ga Jima nan tana bin Hulda a shekaru, me zai hana a ba ta. Maganar ta kai kunnen Hulda. Ta goya yaron, ta zaga rumbu, ta koma gida. Amma kowa ya san ta ji.

Ilyasu ya ce wa uwarsa ta zauna ta huta, ga salula, ya kira kowa. Ta ce masa salula ba ta da ƙafa. Ta bi gidajen Karofane ɗaya bayan ɗaya, tana sa Saude ta ƙulla mata goron kowane gida daban, da sunan wai hannunta ba ya iya ƙulli. Na Hulda ita ta zaɓa da kanta, manya farare, ta naɗe a ganye, ta ƙulle a bakin mayafi, ta shiga motar tasha.

Tana isa ta yi sallama, idon Hulda ya faɗa kan hannun nan mai kumburi. Ta hau faɗa, ta ce wa ya ce ta riƙa saukar da shi haka kamar na mai lafiya. Ta zaunar da ita, ta ɗora hannun kan matashi, ta yi ta murza shi daga yatsu zuwa kafaɗa, ta naɗe da bandeji. Ta dama fura. Ta yi barka da haihuwa, ta tambayi maijego, ta tambayi ko ruwan nono ya zo. Daga nan hira ta gangara zamanin da, inda Baraka ke iyo yadda take so. Ta lissafa wa Hulda duk wanda ya raka ta ɗakin mijinta marigayi Obadiya ranar aurenta, har launin zanen da kowace ta ɗaura. Suka yi dariya har da hawaye. Da la'asar Hulda ta raka ta tasha, tana tafiya a hankali, tana tsayawa tana dubanta. Baraka ta ɗauka ciwon gwiwa ne. Ta shiga mota zuciyarta wasai, ta gama aikinta. Goron kuwa yadda ya je haka ya komo, a ƙulle bakin mayafi.

Ranar suna ta zo. Da sassafe maza suka taru, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta, Baraka ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Aka yanka rago, wanzami ya yi aski. Sai jiran Hulda. Hantsi ya yi babu ita. Motar Madawa ta zo ta sauke mutane babu ita. Aka yi azahar, jaririya na hannu, an hana kowa goya ta.

Manzo ya leƙo daga zaure ya ce ai shi dama ya faɗa, wadda ta bar hanyar gida wata rana za ta bar gidan ma, a ba Jima ta goya a huta. Kowa ya gane abin da ke cikin maganar. In Jima ta yi goyon nan yau, ta yi ke nan har abada, kuma ƙafar Hulda da ta 'ya'yanta ta fita daga Karofane. Baraka ta rantse da Allah a gaban mata cewa da hannunta ta miƙa wa Hulda goro. Aka gaskata ta nan take, ai Baraka ce. Ita kanta ta gaskata. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta shiga ɗaki tana huci, tana faɗin wulaƙancin da Hulda ta yi mata a bainar jama'a. Zafin ƙwayar nan ya taso mata, mayafin jikinta ya jiƙe, ta jawo wani daga kan igiya. Wani abu mai nauyi ya bugi gwiwarta.

Ta kwance ƙullin da haƙori. Ganyen ya bushe, goron ya yamutse ya yi ja.

Ta zauna bakin gado. Ta nemi ranar nan a kanta, ta samu bandeji, ta samu fura, ta samu zanen ƙawayen amarya, ta samu Hulda a tasha tana tsayawa tana dubanta. Sai yanzu ta gane abin da matar ke jira. Ta zo gidanta, ta wuni, ta sha furarta, ta tashi ba ta ba ta goro ba. Ai ko zagi bai kai wannan ba.

Gaskiya dai gaskiya ce, sai da ta yi tunanin jefa goron a murhu. Babu wanda ya gani. Laifi ya riga ya hau kan Hulda, Jima ta goya, a ci tuwo a watse, Baraka tana nan Barakarta. Ta daɗe tana juya wannan tunani, tana kallon bandejin da ke hannunta. Sannan ta aika aka kira Ilyasu, ta buɗe masa tafin hannu. Ya duba, ya dube ta, ya ciro salula. Ta ce ya mayar aljihu ya tayar da moto, babur ɗin nan nasa. A zaure ta gaya wa Manzo kada bayan kowa ya taɓa yarinyar nan kafin rana ta faɗi. Ya ce in ta faɗi fa? Ta ce in ta faɗi ya yi abin da ya ga dama.

Suka sami Hulda a gindin darbejiya tana tsinkar zogale, da zanen zaman gida. Ta amsa sallama, ta shimfiɗa tabarma kamar yadda ake yi wa baƙo, ba ta ko kalli hannun ba. Ilyasu ya gaishe ta ya koma waje wurin moto. Ƙofar ɗaki a buɗe take, Baraka ta hango sabon zane da majanyi a ninke kan gado.

Ta durƙusa, ta ajiye goron a gaban Hulda.

"Yaya, ga goronki. Na zo da shi ranan nan, na koma da shi. Mancewa niy yi."

Hulda ta ci gaba da tsinkar zogale. Ta ce ita ba yarinya ba ce. In gida ya yanke shawarar a fitar da ita, ai sai a gaya mata a fuska, ba sai an turo Baraka ta wuni tana yi mata hira ba. Ta ce ta san Manzo, ba ta riƙe shi ba, amma ba ta zaci da bakin Baraka za a aiko ba. In kuma yanzu kunya ce ta kama su suka sake shawara, to su nemo wata ƙaryar.

"Ke, Baraka, ki mance? Ba ke kika cewa mutum ba shi mance abin da yad dame shi ba?"

Baraka ta ce ita ta faɗa, kuma ƙarya ta faɗa. Ta fara zayyana mata gishiri da ludayi da raka'o'in salla, abubuwan da ba ta taɓa jin sun fito daga bakinta ba. Hulda ta ce wadda ta tuna launin zanen mutanen da suka mutu tuntuni ita ce za ta ce mata kanta na yoyo? Baraka ta ce na da suna nan, na yau ne ba sa zama. Hulda ta koma kan zogalenta. Inuwar darbejiya na ƙara tsawo. Can dai, don kada a ce ba ta da ladabi, Hulda ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Wane suna anka sa ma ɗiyar?"

Baraka ta buɗe baki. Ta ga maroƙin, ta ga hularsa. Ta ji guɗar da ta yi. Ta san ragon fari ne mai baƙin kunne, ta san wanzamin ɗan wane ne. Ta ce "Na…", ta tsaya. Ta kama sunayen gidan tun daga kakanni tana bi ɗaya ɗaya a ranta ko za ta ci karo da shi, babu. Jikarta ta fari, ɗazu da safe. Zufa ta keto mata, leɓenta na motsi ba abin da ke fita.

Hulda ta ɗago. Ta yi aikin ɗakin mata tsawon rayuwarta, ta san fuskar mai ƙarya, ta kuma san wannan. Ta ture kwanon zogale gefe.

"Tun yaushe?"

"Tun ruwan Yamai."

"Kuma kinka ƙyale ni ina murza miki hannu, ga inda ciwon yake."

Sai ta hau ta da faɗa, irin na wanda hankalinsa ya kwanta. Ta ce ba iska ba ne, ba taɓuwa ba ce, maganin ne, ta ga mata da yawa da ya yi wa haka. Wasu yakan sake su sannu a hankali, wasu yakan bar musu saura, ba za ta yi mata alkawarin da ba nata ba. Ranar randebu, in ranar komawa asibiti ta zo, tare za su shiga wurin lokotoro, kuma Baraka za ta faɗa da bakinta. Ta ɗauki goro ɗaya, ya fi ƙarfin haƙoranta, ta kankare shi da wuƙar zogale ta zuba garin a baki. Ta shiga ɗaki ta fito da zane da majanyi a hammata.

Ilyasu ne ya faɗi sunan da suka tambaye shi: Najiba. Su uku suka hau moton, Baraka a tsakiya, tana ta nanata shi a ranta tun daga kwalta har suka sauka hanyar burji.

Rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba sa'ad da suka isa. Manzo na tsaye ƙofar zaure. Ya gaida Hulda, sannan ya tambaya, yadda mata na ciki za su ji, me ya tsare babbar 'yar gida har aka je biko. Hulda ta fara cewa gwiwa ce ta matsa mata. Baraka ta tare ta.

"Ba gwiwa ba ta. Ni ban ba ta goro ba. Na tahi da shi, na mance, na komo da shi. Maganin ya taɓa min kai, ina mantuwa."

Wata ta yi dariya, ta zaci wasa ne, ta ga babu mai taya ta, ta haɗiye. Manzo ya duba ƙasa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya matsa daga ƙofa. Jima da kanta ta miƙo jaririyar. Hulda ta sunkuya da ƙyar, aka ɗora mata, ta ɗaure zane, ta ja majanyi, ta zaga rumbu tana ɗingishi, mata na bin ta da guɗa. Baraka ba ta yi guɗa ba, tana tsaye ta riƙe hannunta mai bandeji, ta gaji liƙis, amma ta ji sauƙin da rabonta da shi tun Yamai.

Ana cikin haka wata baƙuwa daga Ibohamane, wadda mota ta makarar, ta shigo da ƙullin kaya a ka. Ba ta san abin da aka yi ba. Ta nufi Baraka kai tsaye tana barka, ta tambayi sunan jika. Baraka ta laluba inda ta ajiye shi duk tsawon hanya. Ya tafi.

Hulda na bayanta. Ta juyo da goyon wajen baƙuwar, ta ɗan jijjiga shi.

"Najiba, tashi ki gaida mutanen Ibohamane."

"Najiba," in ji Baraka. Ta karɓi kayan baƙuwar da hannun dama, ta nuna mata tabarma.